Sankarau Ba Shi da Dangi

Bana shekara arba'in ke nan da rasuwar yayata Rakiya, kuma tunda shekarun sun kai a yi magana mai nauyi, bari in yi ta. Tun ranar da aka ɗaga tutar ƙasar nan zuwa yau, babu wata ma'aikata, ta farar hula ko ta kaki, da ta san cututtukan mutanen Nijar kamar yadda matan da ake aikawa binciken aure suka san su. Na koyar da tarihi a lise, wato babbar sakandare, har na ajiye alli. Na karanta labarin dauloli da suka ƙirga mutanensu da rumbunansu da raƙumansu. Ban ga wadda ta kai mace mai mayafi, da goro a bakin zane, iya gano abin da ya kashe kakar wani ba.

Yaya Rakiya tana cikin waɗannan mata, kuma a unguwar Yantala ta Yamai a wancan zamani ba ta da ta biyu. Daga wani ƙauye kusa da Ƙonni muka fito. Ita ta fara zuwa Yamai tare da mijinta, Alhaji Illiyasu tela, bayan rasuwar Innarmu kuma ta aika aka kawo ni, ta sa ni lakwal, makarantar boko, ta riƙe ni kamar ita ta haife ni. Sana'arta sayar da atamfa gida-gida, wannan kuwa ya buɗe mata kowace ƙofa. Idan iyayen yaro suka ga yarinya, ko iyayen yarinya suka ji an fara zuwa, sai a zo wajenta a ce, "Rakiya, a duba mana gidan su wane." Ba ta taɓa yin tambaya kai tsaye ba. Za ta shimfiɗa turame a tsakar gida, ta yaba sabon daɓe, ta yi wa jariri wasa, da Zabarmanci idan gidan Zabarmawa ne, sai can wajen naɗe kaya ta ce, "Allah sarki, tsohuwar nan da na saba gani a bakin ƙofa, ashe ta riga mu. Ta daɗe a kwance?" Kafin ta sa takalmi ta san wanda ya yi tari har ya ƙare, da wanda aka taɓa ɗaurewa, da wadda ke faɗuwa tana kumfa, ta kuma san ko ta wajen uwa abin ya biyo ko ta wajen uba. Ba na cewa ba ta kuskure. Ta taɓa rusa wani aure saboda kawun ango bahago ne, kuma har ta koma ga Allah ba ta yarda ta yi zalunci ba.

Sai da na manyanta na gane cewa likitoci ma suna da reshen ilimi mai wannan aiki, na bin diddigin cuta a cikin jama'a: wa take kamawa, yana da shekara nawa, namiji ne ko mace, me yake ci, me yake sha, wa ta taɓa kamawa a danginsa. Tambayoyin Yaya ne sak, an dai sa musu farar riga. Bambancin ɗaya ne, shi ne kuma dalilin wannan rubutu. Likita yana tambaya don ya san wanda zai tsare. Mai binciken aure tana tambaya don ta san gidan da za a guje wa. Duk garin da mai atamfa ta riga likita shiga, mutanensa sun daɗe da koyon amsar da za su bayar.

Shekarar da ta rasu ita ce ta babban fari na biyu, wanda ya zo a zamanin soja. Waɗanda suka gani ba sa buƙatar in tuna musu, waɗanda ba su gani ba kuma da wuya su yarda. Mutanen arewa sun gangaro da abin da ya rage musu na tabarmi da tukwane, sun kafa bukkoki a bakin gari. Ana raba jar dawa ta taimako, wadda sai an yi da gaske take yarda ta zama tuwo. Rediyo na cewa hukuma ta ɗauki matakai, mu kuma mun koyi sauraron labarai ba tare da motsa fuska ba, don a lokacin ko a ɗakin malamai mutum yakan duba wa ke kusa da taga kafin ya ce ana yunwa. Gidan Alhaji ya cika da dangi daga ƙauye, har ɗakin ɗinki ana kwana. Yaya ce ke sauke tukunya ta ɗora wata. Sai bazara ta shigo da baƙonta da ba ya fashi, wato sankarau.

Ciwon farko ya same ta tana sauke tukunya. Ina zaune a inuwa ina duba aikin ɗalibai, na ga ta ajiye tukunyar a hankali, ta dafa ƙeya, ta zauna a ƙasa. Ta yi amai. Da ta iya magana sai ta ce kamar an sare ta da gatari daga baya, kuma tun da uwarta ta haife ta ba ta ji irinsa ba. Yau na san littattafan likitoci suna kwatanta shi kusan da waɗannan kalmomi: ciwon kai da ba ya sallama, yana zuwa da dukan ƙarfinsa lokaci guda. A ranar kuwa abin da na sani shi ne rana ta yi zafi. Duk da haka na ce mu tafi asibiti.

"Mushe," ta ce, haka take kirana tun da na fara koyarwa, yadda 'yan lakwal ke kiran malaminsu, rabi girmamawa rabi tsiya, "mutane na binne 'ya'yansu a bakin gari, ni kuma in je in tsaya gaban lokotoro in ce masa kaina ke ciwo? Da wane idon zan dube shi?"

Ta ɗaure kai tamau da kallabi, aka kira wanzami ya yi mata ƙaho a ƙeya, ta haɗiyi ƙwayar ciwon kai. Ta kwana biyu tana tafiya kamar mai ɗauke da tulu cike, ba ta son haske, ba ta son juya wuya. Daga baya ta ce ya yi sauƙi, ta koma murhu.

Na biyu bai ba ta damar kwatanta shi ba. Da hantsi ne, tana naɗe atamfa, ta kife a kan turamen. Muka sa ta a taksi. A ƙofar asibiti ma'aikacin da ke tantance marasa lafiya ya sa hannu ƙarƙashin kanta ya ɗaga, wuyan ya ƙi lanƙwasa, sai ya nuna mana rumfar da aka keɓe wa masu sankarau. Ban taɓa ganin laifinsa ba. A Yamai, a tsakiyar bazara, ciwon kai da amai da sandararren wuya sunansu ɗaya, kuma ga yawancin waɗanda suka bi ta hannunsa a ranar, sunan daidai ne.

Likitan rumfar saurayi ne, bai daɗe da dawowa daga karatu ba, na kuma taɓa koyar da ƙanensa. Ya soka mata allura a gadon baya ya ɗebi ruwan da ke kewaye da laka, kamar yadda ake yi wa duk wanda ya shigo. Can sai ya kira ni gefe, ya ɗaga 'yar kwalbar a hasken rana. Ya ce na mai sankarau yakan fito gurɓatacce, kamar ruwan da aka wanke gero da shi. Na Yaya ja ne kamar zoɓo, daga ɗigon farko har na ƙarshe. Jikinta kuma ba zafi.

Ya yi mini bayani a tsaye. Ya ce a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai inda manyan jijiyoyin jini ke rabuwa, kuma a wajen wasu mutane bangon jijiyar yakan yi rauni a daidai mararrabar, ya kumbura ya yi ƙullutu, kamar yadda robar cikin tayar keke ke turowa ta inda ta siɗe. Mutum na iya yawo da shi shekaru bai sani ba. Ranar da ya fashe, jini ya malala kewaye da ƙwaƙwalwa, shi ne gatarin da ta ji. Wani lokaci yakan fara tsattsafowa kaɗan, ya tsaya, ya ba mutum 'yan kwanaki, sannan ya ɓalle gaba ɗaya. Na tambaye shi me za a yi.

"A nan, yau, babu, Mushe. Ba ni da na'urar da za ta nuna mini wurin, ba ni da mai buɗe kai ya ɗaure shi. Ba zan ma iya rantse maka cewa shi ne ba, sai dai duk alamun nasa ne." Sannan ya ce, "Akwai wanda ya taɓa yin irin wannan mutuwa a gidanku?"

Ina ƙarami Innarmu ta rasu, amma na tuna an kawo ta daga rijiya a kan ƙyaure. Matan da ke wurin sun ce ta saki guga, ta riƙe kai da hannu biyu, ta zauna, ba ta sake magana ba. Ba ta kai hamsin ba. A ƙauye aka ce iska ce ta bakin rijiya, haka kuma Yaya ke faɗa wa duk wanda ya tambaya. Na gaya wa likitan. Ya jinjina kai. Ya ce tun shigar Yaya rumfar an riga an ƙirga ta cikin masu sankarau, ƙirgen kuma ya hau sama, don da shi ake roƙon allurar rigakafi, kuma ba wanda zai sauko da shi saboda mace ɗaya.

Washegari ta cika. Kafin la'asar mun dawo daga maƙabarta, kamar yadda addini ya koyar, kamar yadda kuma ya dace. Sai dai wanda aka binne da wuri haka ba ya ba da shaida, abin da na raye suka faɗa shi ke zama.

A wajen zaman makoki, maƙwabta Zabarmawa na shigowa suna cewa fonda tilas, wato sannu da abin da ya zama dole, Hausawa na cewa ya haƙuri, na ja Alhaji bayan rumfa na gaya masa abin da likita ya nuna mini, har da maganar Inna. Tsakanina da shi wasa ne tun ina yaro, irin na miji da ƙanen mata, amma ranar bai yi dariya ba.

"Wa ka gaya wa?"

"Kai kaɗai."

"To ya tsaya a nan. Mushe, 'ya'ya mata biyu gare ni. Gonar ƙauye ta koma fili, keken ɗinki ya manta yadda sabon yadi yake. Abin da ya rage wa yaran nan sunan gidansu ne. Ka fita ka gaya wa Yantala jini ya fashe a kan uwarsu, ya fashe a kan kakarsu, sannan ka dawo ka nuna mini wanda zai aiko. Sankarau iska ke kawo shi. Ya kama ɗan minista, ya kama ɗan ga-ruwa. Ba shi da dangi."

"Amma ba shi ba ne, Alhaji."

"Kai da ka yi karatu, amsa mini wannan. Da a gidan wani aka aiki marigayiya ta ji wannan labari, me za ta ce wa masu aikenta?"

Na san amsar. Da ta ce a nemi wani gida. Ta sha faɗin haka a kan abin da bai kai wannan ba.

Alhaji ba mugu ba ne, ba kuma jahili ba. Mutum ne da fari ya cinye masa komai ban da suna, ya tsaya a kan sunan da ƙafa biyu. Ya aurar da Hauwa, babbar, ya aurar da Zalika, ƙaramar, duka a gidajen mutunci, kuma a duka biyun an zo bincike an ji sankarau an tafi da kwanciyar hankali. Ni ban yi alkawarin yin shiru ba, ban kuma yi ba. Da yaran suka girma na gaya musu, na sake gaya musu, har maganar ta zama ɗaya daga cikin halayen Kawu, kamar yawan shan shayi. Abin da na samu shi ne, duk ranar da dangin wani ango za su zo, sai a tuna akwai saƙon da ba mai iya kai shi hayin gada sai ni.

A cikin waɗannan shekaru na karanta duk abin da hannuna ya kai gare shi a kan wannan ciwo, kuma ga abin da na fahimta, da fahimtar malamin tarihi, ba ta likita ba. Ba ciwon tsufa ba ne. Ya fi ɗaukar mutum a tsakiyar ƙarfinsa, daga arba'in zuwa sittin, lokacin da gida ke kansa. Ya fi kama mata a kan maza, musamman bayan al'ada ta ɗauke. Hawan jini da taba sigari su ne manyan masu share masa hanya, giya mai yawa na biye da su. Yawancin waɗanda ya kama ba su gaje shi ba, amma akwai gidajen da yake bi, kuma wanda ya rasa na jikinsa biyu ta wannan hanya, uwa ko uba ko ɗan'uwa na ciki ɗaya, likitoci sukan so su leƙa kansa tun bai ji komai ba. Mutane da dama suna ɗauke da ƙullutun har su tsufa su mutu da wani dalili daban, bai taɓa fashewa ba. Idan kuwa ya fashe, wasu ba sa isa ƙofar asibiti, wasu su isa su cika, wasu su tashi amma ba yadda suke ba, wasu kuma Allah ya mayar da su gida garau.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne taswira. Littattafan sukan ambaci Japan da Finlan a matsayin inda ciwon ya fi yawa, su kuma ce a ƙasashen da aka rage shan taba aka kuma kama hawan jini, ya fara ja baya. Idan ka gangaro da yatsa zuwa wajenmu sai ka tarar da fili fari, kusan ba rubutu. Wanda bai sani ba zai ɗauka Allah ya yi mana jijiyoyi na musamman. Ni na san mutum uku da ya kamata a ce suna cikin wannan farin fili. An ce ta farko iska ce, ta biyu sankarau. Ta ukun Hauwa ce. Shekarun baya ta faɗi a kasuwa a Maraɗi, tana cikin arba'in da wani abu, ta riƙe kai. Aka ce tansiyo ne, wato hawan jini, da zafin rana, wanda ba ƙarya ba ne ɗungurungum, don haka ya fi sauran wuyar musantawa.

Saura Zalika. Ta haura hamsin yanzu, ta wuce shekarun uwarta da na yayarta. Tana zaune a unguwar Kirkisoye, hayin gada, ta gaji keken ubanta, tana da mata uku a ƙarƙashinta suna ɗinki. Tana da hawan jini, kuma ta daɗe tana shan maganinsa yadda rabin Yamai ke sha, wato ranar da kai ya yi nauyi. Ita ce dalilin da ya sa ban bar wannan magana ta bi Alhaji kabari ba. Kada mai karatu ya ce na tona asirin gida a jarida. Na canja sunaye, na kuma yi nawa binciken, irin wanda na koya a gindin turamen atamfa: waɗanda ake gudun su ji ba sa karanta jaridar Hausa.

Ni ma ina cikin lissafin, tunda na rasa uwa da 'yar'uwa. Da na'urar hoton kai, wadda ake kira sikaner, ta samu a garin nan, na kai kaina. Likita ya duba ya ce bai ga komai a ciki ba. Alhaji yana raye a lokacin, ya ce da an tambaye shi da ya faɗa tun tuni ba sai an kunna inji ba.

Bana da bazara Zalika ta yi wani ciwon kai da ya tsorata ta. Ba irin wancan ba ne, a hankali ya zo, a hankali ya tafi, amma ya isa ta kira ni a waya ta ce, "Kawu, zo ka raka ni." Na taso daga unguwarmu ta Dar es Salam na haye gada. Likitar mace ce, ba ta kai shekarun Zalika ba. Ta auna jini, ta ɓata fuska, ta fara tambayoyin nan da na san su tun daga Yantala. Ta zo kan mahaifiya.

"Sankarau," in ji Zalika, ko numfashi ba ta ja ba.

Na yi gyaran murya.

"Kawu, don Allah."

"Baba, kana da magana?" in ji likitar.

Na ce ina da ita, ta shekara arba'in. Na ba ta labarin tukunya da gatari, da kwalbar da aka ɗaga a rana, da rijiya, da kasuwar Maraɗi. Ban taɓa ba da shi ga wanda ya saurara har ƙarshe ba tare da ya duba ƙofa ba. Da na gama ta ajiye bik ɗin da take rubutu da shi, ta juya ga Zalika. Ta ce ba za ta iya tabbatar da abin da ya kashe waɗanda ba ta gani ba, amma uwa da 'yar'uwa sun isa a ɗauki hoton jijiyoyin kanta. Mai yiwuwa ba a ga komai ba. Idan an gani, akwai wanda ake bari ana lura da shi, akwai wanda ake toshewa tun bai fashe ba, ko da sai an yi tafiya. Maganin tansiyo kuwa kullum ne, da ciwo da ba ciwo. Ta kuma ce duk ranar da ciwon kai ya faɗo mata lokaci guda kamar sara, kada ta nemi kallabi, ta nemi mota. Ta rubuta takardar hoto ta miƙa mata.

A cikin taksi, muna kan gada, kogi ya janye har ana ganin yashi, Zalika ta ninke takardar ta sa a jaka.

"Kawu, ka san wadda ke karɓar mutane a wurin hoton nan?"

Na ce ban sani ba.

"Ƙanwar uwar yaron da ke neman Nafisa ce. In na shiga da wannan takarda da safe, kafin azahar an karanta ta a gidansu." Nafisa ita ce 'yarta tilo mace, ta gama karatu, tana son yaron, shi ma yana sonta. "Bayan biki, Kawu. Wallahi bayan biki."

"Ita jijiyar an kai mata goron gayyata, ta san da bikin?"

"Kai dai ka riƙa faɗin alheri."

Na ce akwai wani wurin hoton. Ta ce a Yamai babu wani wuri, duk inda ka shiga ƙanwar wani ce a bakin ƙofa.

Nakan tambayi kaina me Yaya za ta ce da ta leƙo yau. Za ta tarar da kaki a inda ta bar shi, wannan ba zai ba ta mamaki ba. Za ta ga Yantala ta cika da benaye, ta ga Kirkisoye da ta sani gonaki ta zama gari. Na'urar da ke ganin cikin kan mutum ba tare da an taɓa shi ba za ta burge ta, ina kuma zargin tambayarta ta farko ita ce ko za a iya sa ango a ciki. Da ina saurayi na tabbata da ta tashi gefena za ta tsaya, ta ce wa Alhaji ya ji tsoron Allah. Yanzu ba ni da wannan tabbaci. Ita ce ta riƙe maganar iska a kan Inna, kuma ta faɗe ta ne don ni da 'ya'yanta mu yi aure kamar kowa. Ta san nauyin kalma ɗaya a tsakar gidan mutane fiye da yadda ni na san shi da duk littattafaina. Amma na kuma san yadda take son yaran nan. Na ga ranar da ta ɗauki Zalika a baya da ƙyanda, ta taka da ƙafa har asibiti cikin rana, ita da ta ƙi zuwa don kanta. Ban yarda matar nan za ta zaɓi biki a kan ran 'yarta ba. Sai dai ba a taɓa ajiye mata su biyun a gabanta ta zaɓa ba, don a zamaninta sanin gaskiya ba ya sayen komai. Babu na'ura, babu mai aiki, gaskiyar ba ta iya tsare kowa, tana dai iya hana aure. Ƙaryar Alhaji a ranarta tana da hujja. Abin da ya canja shi ne yanzu gaskiyar tana da amfani, ƙaryar kuwa ba ta ji labari ba.

Me ya rage na Yaya Rakiya bayan shekara arba'in? Turamen sun ƙare tuntuni. Gidan Yantala an sayar an rushe. Muryarta tana nan a bakin Zalika idan tana yi wa masu ɗinki faɗa, har nakan juya. Abin da ya fi daɗewa shi ne tambayarta, wadda take yi a hankali wajen naɗe kaya: wa ya rasu, yana da shekara nawa, ta wane ɓangare. Na ji ta a bakin saurayin likita a ƙarƙashin rumfa, na sake jin ta a bakin wata likitar bayan shekara arba'in, kuma wannan karon an amsa ta da gaskiya a gaban wadda abin ya shafa. Zalika tana shan maganinta kullum yanzu, Nafisa ta shaida mini. Takardar hoto tana cikin jakarta, ba ta yar ba. Ina so in yarda cewa wannan shi ne gadon Yaya na gaske, cewa tambayar da ta yi ta rusa aure da ita za ta zama wadda ke tsare rai, kuma wata rana farin filin nan na taswira zai cika da sunayenmu na gaskiya, a san abin da ke kashe matanmu a tsakiyar ƙarfinsu. Allah ya jiƙan Yaya, ya jiƙan Inna da Hauwa da Alhaji, ya sa sun huta.

Makon jiya na je gidan Zalika, aka aike ni Yantala kai saƙo. Da na dawo Nafisa ta ce wata mata ta zo gidan da turaren wuta na sayarwa, ta yaba ɗinki, ta daɗe, wajen tashi kuma ta tambayi abin da ya yi ajalin kakar amarya. Zalika ta ce sankarau. An sa biki bayan damina.